Abin da benen Bankok ya koya wa masu aikin gini a Legas

Ranar 28 ga Maris, 2025, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.7 ta afku a Miyanma. A Bankok, babban birnin Tailan, wajen kilomita 1,000 daga can, wani dogon bene da ake ginawa domin ofishin binciken kuɗin gwamnati ya rufta, sama da mutum 90 suka mutu, akasarinsu leburori. Binciken gwamnatin Tailan ya ɗora laifin a kan zane da ginin katangun da suka kewaye ramin lifta.

To, me ya sa katanga ke da wannan muhimmanci? A dogon bene, katangun kankare masu rodi ne ke hana gini karkata idan ƙasa ta motsa. Amma dole a bar ƙofofi, sai katangar ta rabu biyu, a haɗa su da gajeren bim a saman ƙofar kowane hawa. Idan bim ɗin na da ƙarfi, katangun biyu suna lilo tare kamar abu guda, ginin ya ƙara tauri. Idan ya karye da wuri, kowacce ta kama gabanta, lilon ya ƙaru.

Injiniyoyi sun ga haka a girgizar Alaska ta 1964, inda irin waɗannan bim suka tsattsage a benayen Ankorej. Daga baya Farfesa Tom Paulay na Jami'ar Kantabori a Niyu Zilan ya nuna cewa rodin da aka gicciya a cikinsu yana sa su lanƙwasa su shanye bugun, katangun su tsira.

Sai batun ƙasa. Bene mai hawa 30 kan ɗauki kamar daƙiƙa 3 kafin ya je ya dawo. Bankok kuwa a kan laka take, laka kuma tana ƙara wa irin wannan jinkirtaccen motsi ƙarfi. Idan motsin ƙasa ya zo daidai da na gini, shi ke nan, lilon sai ƙaruwa.

Wani zai ce ai mu ba mu da girgiza. A yi hattara. Ta kashe mutane a Ankara ta Gana a 1939, an ji motsi a Ijebu-Ode a 1984, an ji a Mpape ta Abuja a 2018. Ga Leki da Eko Atlantic, inda benaye ke tashi a kan yashi da ciko. Benen Ikoyi mai hawa 21 ma ya rushe a Nuwamban 2021 ba tare da ƙasa ta motsa ba.

'Yan'uwanmu da ke ɗaure rodi da zuba kankare a waɗannan wurare su ne ke ciki idan abu ya faru. Duk wanda ya ga an rage rodin bim ɗin saman ƙofa, ko an huda shi don wuce bututu, kada ya yi shiru, ya faɗa wa injiniya. Allah ya tsare.