A Ba da Izinin Zuwa Asibiti Kafin a Tafi Ci-rani

Tun ranar 1 ga Satumba 2024 haihuwa ta zama kyauta a asibitocin gwamnatin Nijar, bisa dokar da gwamnatin Janar Abdurahamane Tiani ta fitar a watan Agustan shekarar. Kafin nan, a 2005 an ɗauke wa mata kuɗin tiyatar ciro jariri, a 2006 kuma awon ciki da magungunan tazarar haihuwa da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar suka bi sahu. Matakai ne da suka cancanci yabo. Sai dai dukansu macen da ta riga ta isa ƙofar asibiti suke amfana. A gundumomin Madawa da Buza da Kaita na jihar Tawa, wadda ta fi shiga haɗari ita ce wadda naƙuda ta kama a ƙauye, abin ya cije, aka zauna ana jiran maganar mai gida, shi kuwa yana Abijan ko Legas ko Libiya. A ganina wannan jira shi ne abin da ya fi sauƙin kawarwa cikin duk abubuwan da ke kashe mata wurin haihuwa a ƙasar Adar. Maganinsa shi ne duk namijin da zai tafi ci-rani ya bar izini bayyananne, a gaban shaidu, cewa a kai matarsa asibiti duk lokacin da buƙata ta taso, ya kuma bar kuɗin mota a hannun da aka sani.

Lissafin watanni kaɗai ya isa ya nuna girman matsalar. An san Adarawa da ci-rani tun kaka da kakanni: a dawo gida gab da faɗuwar damina, a yi noma, a cire amfanin gona, a sake ɗaukar jaka. Cikin da aka samu tsakanin Yuni da Oktoba zai kai watan haihuwa tsakanin Maris da Yuli, wato yawancinsa a tsakiyar bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zafi ya tsananta, mazan kuma ba su dawo ba. Wanda ya kai farkon damina kuwa yana haɗuwa da koramun Majiya da suka kawo ruwa suka yanke hanya. A irin wannan lokaci maganar fita da mace tana komawa hannun uwar miji ko wan miji, kuma kowannensu yana tsoron ya yanke hukunci a kan matar wani, balle hukuncin da zai ci kuɗi. Babban binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna cewa kusan uku cikin huɗu na matan aure a Nijar, miji ne ke yanke shawara a kan lafiyarsu, kuma haihuwa uku kacal cikin goma ake yi a asibiti. Binciken ya ƙiyasta mutuwar mata 535 cikin kowace haihuwa 100,000. An samu ci gaba tun daga lokacin, amma tsarin wa ke da magana a cikin gida bai canja da saurin da aka gina ɗakunan haihuwa ba.

Cututtukan da ke kashe mai haihuwa ba sa ba da lokaci mai yawa. Zubar jini bayan haihuwa na iya ɗaukar rai cikin sa'o'i biyu. Jijjiga, wadda hawan jini na masu ciki ke kawowa, tana bukatar allura da ma'aikacin da ya san aikinsa nan take, alhali a gidaje da yawa iskoki ake fara zargi, a tafi neman hayaƙi da rubutu. Doguwar naƙuda ita ce ta fi yaudara, domin tana ɗaukar kwana biyu ko uku, kowa na cewa a ƙara haƙuri, yanzu Allah zai kawo sauƙi. A cikin waɗannan kwanaki kan jariri yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har ya mutu ya ɓule. Yawanci jaririn ba ya rayuwa, uwar kuma ta tashi da yoyon fitsari, ta rasa ɗa, sau da yawa ta rasa auren ma. Yarinyar da aka aurar ƙugunta bai gama buɗewa ba ta fi kowa kusa da wannan bala'i, kuma binciken na 2012 ya nuna cewa a Nijar kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18. Akwai cibiyar gyaran yoyon fitsari a Danja kusa da Maraɗi tun 2012, amma kowace mace da ke kwance a can shaida ce ta wata naƙuda da aka bari ta wuce lokacinta.

Kuma idan mace ta isa da wuri, ana iya cetonta. Wani bincike da aka buga a mujallar Lancet Global Health a 2023 ya bi diddigin shirin da Nijar ta shimfiɗa a cibiyoyin lafiyarta daga 2015 zuwa 2020: ƙwayar misoprostol don tsuke mahaifa, balan-balan da ake hurawa cikin mahaifa don tsayar da jini, da rigar matsi da ke riƙe mace har a kai ta inda ake tiyata. Mutuwar mata ta dalilin zubar jini ta ragu da fiye da rabi. Kayan nan masu araha ne, ba sai an je Yamai ake samunsu ba. Akwai asibitin gunduma a Madawa, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana aiki, akwai na Buza da na Kaita, akwai asibitin Galmi da aka kafa tun 1950, ga cibiyar uwa da yaro a Tawa. Amma ba ɗaya daga cikinsu da ke iya bin mace har ɗakinta ya ɗauko ta.

Za a ce addini ya hana mace fita ba da izinin mijinta ba. Ai shi ya sa nake maganar a ba da izinin, ban ce a tsallake shi ba. Babu malamin da ya ce izini ba ya inganta sai an nema a daren da abin ya faru. Mutum na iya ba da shi tun kafin tafiya, ya kuma wakilta wanda zai zartar. Kiyaye rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo ta tsare, kuma a fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, Muhtasar na Halil ya lissafa ladan ungozoma cikin abin da ke kan miji. Wanda ya tafi ya bar mai ciki ba tare da ya tsara yadda za ta haihu ba, ya bar wani ɓangare na haƙƙin da ke wuyansa. Limamai ne suka fi dacewa su faɗi wannan a huɗubar Juma'a ta bayan kaka, lokacin da tasha ke cika da matafiya. Tun ran gini ran zane.

Wasu za su ce yanzu zamanin salula ne, kira ɗaya ya wadatar. Duk wanda ya san ƙauyukan kan dutse na Buza da Kaita ya san ba ko'ina ake samun layi ba, ba kullum waya ke da caji ba, kuma mai haƙar zinariya a Jado ko lebura a Libiya na iya kwanaki ba a same shi ba. Ko an same shi ya amince, kuɗin da zai turo sai gari ya waye a je inda ake karɓa, mai mota ko mai amalanke kuwa a daren yake son nasa. Akwai kuma kunya: yarinya mai cikin fari, wadda aka horar da cewa jarumtaka ita ce ta yi naƙuda ba a ji muryarta ba, ba za ta buɗe baki ta ce a kira mijinta ba. Izinin da aka bayar tun farko, aka rubuta a katin awo, yana sauke wannan nauyi daga kanta da kan uwar mijinta.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa asibitin ma ba tabbas: a je a tarar babu jini, a rubuto magani a ce a sayo, motar ɗaukar maras lafiya ta nemi kuɗin mai, wata ma'aikaciya ta yi wa mai naƙuda tsawa. Wannan gaskiya ne. Shekara da shekaru gwamnati na jinkirin biyan cibiyoyin lafiya kuɗin jinyar kyauta, har kantunan maganinsu suka riƙa bushewa, kuma idan dokar 2024 ta bi wannan hanya, sunan kyauta kawai zai rage. Wajibi ne a matsa wa hukuma a kan haka. Amma raunin asibiti dalili ne na zuwa da wuri, domin a samu sararin neman mai ba da jini da wucewa asibiti na gaba. Shi ne kuma dalilin da ya sa izini ba kuɗi a gefensa bai cika ba.

Masu shakkar cewa matan Adar za su iya riƙe irin wannan amana su tuna aikin raya karkara na Kaita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya. Da yake maza sun tafi ci-rani, mata ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu, suka yi gandari, suka dasa itatuwa a kan fako har ƙasa ta farfaɗo. Matan da suka yi wannan, kuma suke gudanar da adashi ba tare da dala ta ɓata ba, za su iya riƙe asusun motar haihuwa na gari. Makarantun mazaje, da aka faro a Damagaram da tallafin UNFPA suka bazu zuwa sauran jihohi, sun nuna maza na sauraro idan 'yan uwansu maza suka yi musu bayani.

Abin da ya rage tsari ne, kuma bai fi ƙarfin mai gari da limami da shugaban cibiyar lafiya ba. A watannin Oktoba da Nuwamba a san gidajen da ke da mai ciki, mai tafiya ya faɗi izininsa a gaban shaidu biyu, ya ambaci wakilinsa, ya zuba nasa kason a asusu, a kuma yi yarjejeniya da mai mota ɗaya ko biyu cewa za su tashi ko da tsakar dare ne, a biya su daga asusun. Hukumomin lafiya na Madawa da Buza da Kaita su ƙara layi ɗaya a katin awon ciki, inda za a rubuta sunan wakilin da lambar mai motar, ungozoma ta tambaya tun ranar awon farko.