Kedarnath: Tsakanin Sawun Ƙafa da Motar Igiya

A can ƙuryar tsaunukan Himalaya, cikin jihar Uttarakhand ta arewacin Indiya, akwai wani wurin bauta na dutse mai suna Kedarnath. Yana zaune a tsayin da ya haura mita 3,500, kuma yana cikin wurare 12 da mabiya addinin Hindu suka fi girmamawa wajen bautar Shiva. Kimanin wata 6 kawai yake buɗe a shekara, domin da sanyi ya kama, ƙanƙara ke rufe shi. Titin mota yana ƙarewa ne a Gaurikund. Daga nan sai a taka kusan kilomita 16 na hawa, ko a hau alfadari, ko kuma ɗan dako ya goya mutum cikin kwando.

A watan Maris na 2025 gwamnatin Indiya ta amince a gina motar igiya mai tafiya a sama daga Sonprayag zuwa Kedarnath, tsawon kilomita 12.9, wadda aka ce za ta mai da tafiyar awa 8 ko 9 ta koma minti 36. Ko wannan ci gaba ne? Littattafai uku da aka rubuta kan ziyarar ibada a Indiya suna taimakawa wajen auna amsar, ko da yake ba su zo ɗaya wajen nauyi ba.

Mafi zurfi shi ne India: A Sacred Geography na Diana Eck, wadda ta koyar a Jami'ar Harvard, wanda ya fito a 2012. Hujjarta ita ce, tun kafin a shata iyakokin Indiya a taswira, sawun maziyarta ne ya ɗinke ƙasar, daga tsaunukan arewa har gaɓar tekun kudu. Ta daɗe tana tsefe kalmar "tirtha", sunan da ake kiran irin waɗannan wurare, wadda asalin ma'anarta mashigi ne, wato inda ake ƙetare kogi. Wanda ya kammala littafin zai gane cewa a wurin mai wannan aƙida, hanyar ma ibada ce, ba isowar kaɗai ba. Sai dai littafin ya fi kusa da ɗakin karatu fiye da hanya. Tarihi da tatsuniyoyin wurare sun cika shi, amma da wuya a ji nishin ɗan dakon da ke hawa da tsohuwa a bayansa.

An Area of Darkness na V. S. Naipaul, na 1964, bai cancanci dogon tsayawa ba a nan. Ya bi ayarin masu zuwa kogon Amarnath a Kashmir, alƙalaminsa kuma yana da kaifi ƙwarai, amma idonsa ya fi sauka a kan ƙazanta da cunkoso. Ya ga taron, bai damu ya san abin da ya kawo su ba.

Na ukun, Sacred Waters na Stephen Alter, na 2001, shi ya fi shafar batun. Alter haifaffen Mussoorie ne, ɗan waɗannan tsaunuka ke nan, kuma ya bi tsofaffin hanyoyin ƙafa zuwa mafarin rassan kogin Ganga a lokacin da yawancin jama'a suka koma bas. Abin da ke zama a zuciya bayan karanta shi shi ne yadda hanyar ƙafa ke mutuwa da zarar titi ya iso, tare da masaukai da ƙauyukan da ke ci daga gare ta. Shi ma yana da rauninsa: akwai ƙanshin begen da a cikinsa, irin na lafiyayyen mutum mai isasshen lokaci.

Wannan rauni ya kamata a kula da shi, domin saurin yin tir da sauƙi ba adalci ba ne. Dattijuwar da ta shekara 40 tana tara kuɗin wannan tafiya ba ta yi laifi ba idan gwiwarta ta gaza. Bahaushe ma ya san haka: kakanni sun share shekaru a ƙafa ta Chadi da Sudan kafin su kai Makka, amma babu mai cewa hajjin jirgi bai cika ba. Kuma motar igiya za ta iya rage wa alfadarai azaba, ta rage dogaro da jirage masu saukar ungulu, waɗanda ɗaya daga cikinsu ya faɗi kusa da Kedarnath a Oktoban 2022 ya kashe mutum 7.

Matsalar tana wani wuri dabam. Wahalar hanya ta daɗe tana yin wani aiki da babu wanda ya ɗora mata: ita ce ke taƙaita yawan masu isa. Kedarnath ɗan kwari ne matsattse a ƙasan tarin ƙanƙara, ƙasarsa kuma ba ta da ƙwari. A Yunin 2013 ruwan sama ya yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya, tafkin Chorabari da ke saman garin ya ɓalle, laka da duwatsu suka gangaro. Ginin bautar ya tsira, wani ƙaton dutse da ya tsaya a bayansa ya raba ruwan gida biyu, amma zangon Rambara da ke kan hanya ya shafe gaba ɗaya. Dubban mutane suka mutu a faɗin jihar, da yawa ba a ga gawarsu ba. Bayan haka sai aka ƙaddamar da aikin faɗaɗa titunan Char Dham, kusan kilomita 900, a Disambar 2016. A 2022 maziyartan Kedarnath sun haura miliyan 1.5. A Janairun 2023 kuma ɗaruruwan gidaje suka tsattsage a Joshimath, garin da ke kan hanyar Badrinath, saboda ƙasa na nitsewa.

Idan za a cire burkin da wahala ta samar, dole a sa wani a madadinsa. Saudiyya ta fuskanci irin wannan lokacin da jirgi ya sauƙaƙa hajji, aka koma ga kason alhaji 1,000 cikin kowane Musulmi miliyan ɗaya na ƙasa. Uttarakhand ta taɓa sanar da iyakar maziyarta a kowace rana, amma a 2023 ta janye bayan masu masaukai da limaman wuraren bautar sun yi ƙorafi. Ƙorafin nasu ba na banza ba ne, domin cinikin wata 6 ne ke ciyar da su shekara guda. Duk da haka, motar da za ta sauke dubban mutane cikin awa ɗaya a kwarin da ya binne dubbai, ba tare da tsayayyen adadi da doka ta kafa ba, ganganci ce. Kafin a kafa ginshiƙin farko, ya kamata a faɗi mutum nawa kwarin zai ɗauka a dare ɗaya, ta ina za su fita idan tsauni ya sake motsi, da kuma abin da 'yan dako da masu alfadarai za su ci.