Sharhi: Da Wane Mudu Za A Auna Kwas Ɗin Saye Da Safarar Kaya?

Har zuwa 'yan shekarun baya, ilimin saye da adanawa da safarar kaya bai da wani gurbi na kansa a yawancin jami'o'in ƙasar nan, sai dai a ɗan taɓa shi a cikin darussan gudanar da kasuwanci. Lamarin ya soma sauyawa bayan kafa dokar sayen kayayyakin gwamnati ta 2007, ya kuma ƙara ƙarfi a 2020, sa'ad da Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 80 domin shirin SPESSE, wanda ya buɗe cibiyoyin horarwa a jami'o'in tarayya shida, a Zariya da Bauci da Legas da Benin da Owerri da Makurɗi. Tun da yake rance ne da al'umma za ta biya, wajibi ne 'yan kasuwa su tambayi abin da ake koyarwa da kuma amfanin da aka samu.

Sanin kowa ne cewa jami'o'inmu kan auna nasarar kwas da yawan waɗanda suka ci jarrabawa. A wannan fanni kuwa, wannan mudu bai cika ba. Akasarin littattafan da ake karantarwa daga Amurka da Ingila suke, kuma misalansu na kamfanoni ne irin Toyota, wanda ya shahara da tsarin kawo kaya daidai lokacin buƙata ba tare da tara su a sito ba. Tsari ne mai kyau a inda wutar lantarki ba ta yankewa, mota kuma take isa ranar da aka ce. Amma ɗan kasuwar da ya bi shi ido rufe tsakanin Kano da Legas, to, ya shirya rufe shago.

Ga darussa nan jibge a ƙofar gida. A 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, mai iya sarrafa tan 1,200 a kullum, amma ta sha tsayawa saboda ƙarancin ɗanyen tumatir, alhali kuwa a lokacin kaka tumatir na ruɓewa a cikin kwanduna kafin ya kai kasuwar Mile 12. Cunkoson manyan motoci a Apapa ya sa hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ɓullo da tsarin kiran motoci na Eto a 2021. A 2023 aka ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Kano, a cikin shekarar kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin dako ya yi tashin gwauron zabi. Ɗalibin da bai iya lissafa kuɗin kai tirela ɗaya ta albasa daga Aliero zuwa Onitsha ba, haɗe da harajin kan hanya da asarar da zafi ke jawowa, bai gama karatu ba, ko da wace irin daraja ya fita.

Hanyar gyara a buɗe take. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Kamata ya yi a cike wannan kaso da nazarin kasuwannin Dawanau da Bodija da Mile 12, a kuma tura ɗalibai horon sanin makamar aiki wurin dillalai da masu sito da kamfanonin dako, maimakon zaman kashe wando a ofisoshi. Bayan haka, kowace cibiya ta riƙa bayyana wa jama'a yawan ɗalibanta da suka sami aiki a fannin, da kuma shaidar da iyayen gidansu suka yi musu.

Su ma 'yan kasuwa da nasu nauyin. Matuƙar suna ɓoye littattafan cinikinsu, suna ƙin karɓar ɗalibai, to malami ba shi da zaɓi illa ya koma ga misalan ƙasashen waje. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Attajirin da ya buɗe wa ɗalibi ƙofar sitonsa a yau, shi ne zai fara cin moriyar ma'aikacin da ya san hanya gobe.