SHARHI: Mai keke zai biya, babban jirgi zai jira 2032: yadda Norwe ke raba nauyin baƙinta

Kamfanonin da ke shirya wa baƙi hutun tuƙa keke a yammacin ƙasar Norwe suna shiga kakar 2026 ne a ƙarƙashin dokoki biyu sababbi. Ta farko ta shafi ruwa: daga 1 ga Janairun 2026, ƙananan jiragen fasinja da ke shiga mashigan teku biyar na yankunan da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya dole su daina fitar da hayaƙin da ke ɗumama yanayi. Ta biyu ta shafi masauki: a watan Yunin 2025 majalisar dokokin ƙasar, Storting, ta amince wa ƙananan hukumomin da baƙi suka yi wa yawa su ɗora harajin kashi 3 cikin 100 a kan kuɗin kwana. An yi dokokin ne da nufin kare wuraren. Sai dai idan aka bi su daki-daki, za a tarar nauyin ya fara sauka a kan baƙon da ɗawainiyarsa ta fi sauƙi, wanda ya fi kowa hayaƙi kuwa an ƙara masa wa'adin shekara shida.

Abin da mutanen ƙasar ke kira fiyod kwari ne mai zurfi da tarin ƙanƙara ya sassaƙa a cikin duwatsu tun zamanin da ta lulluɓe arewacin Turai. Da ƙanƙarar ta narke, ruwan teku ya kutsa ya cike gurbin. Mafi tsawo a Norwe, Sognefjord, ya ratsa ƙasa fiye da kilomita 200, zurfinsa a wani wuri ya haura mita 1,300. A gefe da gefe duwatsu ne tsaye kamar bango, ƙauyuka kuwa suna maƙale a ɗan filin da ya rage tsakanin gindin dutse da bakin ruwa. Wannan ƙarancin fili shi ne tushen matsalar: ba wurin faɗaɗa hanya, ba wurin ajiye motoci, ba wurin da dubban mutane za su watsu ba tare da sun cunkushe ƙauye ba.

Hutun keke mai ja-gora ya dace da irin wannan ƙasa. Kamfani yakan tara ƴan mutane kaɗan, ya ba su kekuna, waɗanda da yawansu yanzu masu batir ne, ya haɗa su da wanda ya san hanya, mota kuma ta riƙa kai musu kaya daga masauki zuwa masauki. Inda hanya ta ƙare a bakin ruwa sai a hau jirgin fito, inda dutse ya gagara a hau jirgin ƙasa.

Hanyar da ta fi suna a wannan harka ita ce Rallarvegen, wato hanyar leburori. Ba don yawon shaƙatawa aka gina ta ba. An fasa ta ne domin kai kayan aiki da abinci ga masu shimfiɗa layin dogon da ya haɗa Oslo da Bergen, wanda aka buɗe a 1909. Leburorin ƴan ci-rani ne masu bin aiki duk inda ya ɓulla, sunansu ne kuma ya zauna wa hanyar. Da aikin ya ƙare aka bar ta, sai a 1974 aka buɗe ta ga masu keke. Daga Haugastøl ake tasowa, a bi ta Finse, tashar jirgin ƙasa mafi tudu a layin mai mita 1,222 sama da teku, a ci gaba da hawa har a haura mita 1,300, sannan a gangara ta kwana 21 masu kaifi a ƙasan Myrdal zuwa ƙauyen Flåm da ke bakin ruwa. Tafiyar kusan kilomita 80 ce, mafi yawanta a kan tsakuwa. A saman tudun dusar ƙanƙara takan kai watan Yuli ba ta gama narkewa ba, kafin ƙarshen Satumba kuma sanyi ya fara dawowa. Duk wanda ya dogara da wannan hanya, mai hayar keke ne ko mai masauki ko ja-gora, a cikin kusan wata uku zai nemi abin da zai riƙe shi shekara.

A nan darajar mai keke take. Ba ya iya wuce ƙauye uku a sa'a guda. Gajiya takan tilasta masa kwana, yunwa ta kai shi gidan abinci, kuma kuɗinsa yakan faɗi a ƙananan wuraren da babbar mota ba ta tsayawa. Ba ya hayaƙi, ba ya buƙatar filin ajiye mota. Fasinjan babban jirgin yawon shaƙatawa kuwa a jirgi yake kwana, a jirgi yake cin mafi yawan abincinsa. Yakan sauka da safe tare da dubban abokan tafiya, ya hau jirgin ƙasan Flåm mai kilomita 20 zuwa Myrdal ko ya shiga motar yawo, kafin magariba ya koma. Ƙaramar hukumar Aurland, wadda Flåm ke cikinta, mutanenta ba su kai 2,000 ba, jirgi guda yana iya sauke fiye da haka a wuni ɗaya. Geiranger ma mazaunanta na dindindin ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba, masu ziyartarta a shekara kuwa dubu ɗaruruwa ne.

Ba daidai ba ne a ce jiragen ba su da amfani ga mutanen wurin. Kuɗin tsayawa a tasha, tikitin jirgin ƙasa, shagunan tsaraba da aikin direbobi duk a kansu suka jingina, kuma wannan dogaro ne ya tanƙwara dokar hayaƙin.

Asalin maganar ta 2018 ce, lokacin da majalisa ta umarci gwamnati ta tabbatar cewa zuwa 2026 duk jirgin yawon buɗe ido da na fito da zai shiga mashigan tarihin duniya ba ya fitar da hayaƙi. Mashigan su ne Geirangerfjord, Sunnylvsfjord da Tafjord a arewa, sai Nærøyfjord da Aurlandsfjord a kudu, a cikin yankuna biyu da UNESCO ta amince da su a 2005. Akwai dalili na zahiri: a kwari mai zurfi, ranar da iska ta kwanta, hayaƙin jirgi ba ya tashi ya wuce, yakan tsaya ne kamar hazo a kan ƙauye. Duniya ta yaba da shawarar. Amma fasahar da za ta tuƙa jirgi mai ɗaukar mutum dubu huɗu ko biyar da batir ba ta samu ba, shugabannin yankunan kuma suka yi ta kukan cewa jiragen za su karkata zuwa wasu tashoshi su bar su da hannu rabbana. A watan Agustan 2024 gwamnati ta raba dokar gida biyu: jiragen da ba su kai tan 10,000 a ma'aunin girman jirage ba za su bi ta daga 2026, manyan kuwa sai 1 ga Janairun 2032.

Ƙananan jiragen nan su ne masu keke ke hawa. Wasunsu sun riga sun sauya, domin Norwe ta daɗe da yin gaba a wannan fanni: jirgin fito na Ampere mai aiki da batir zalla ya fara ɗaukar motoci a Sognefjord tun 2015, wani na fasinja mai lantarki kuma yana zirga-zirga tsakanin Flåm da Gudvangen tun 2018. Waɗanda ba su sauya ba dole su sayi sabon jirgi, ko su gyara tsohon, ko su bar layin. Ko wanne suka zaɓa, a kan tikiti ko a kan yawan zirga-zirga zai bayyana. Ga kamfanin keke, jirgin fito guda da aka soke yana iya rusa tsarin tafiyar mako, saboda a wannan ƙasa zagaye ruwa ta tudu ba ƙaramin aiki ba ne.

Harajin kwana ma haka ya fito daga majalisa a rage. Gwamnati ta fara da shawarar kashi 5, aka daidaita a kan 3. Ba kowace ƙaramar hukuma za ta karɓa kai tsaye ba: sai ta nuna cewa baƙi sun fi ƙarfin kayan more rayuwarta, ta gabatar da tsarin yadda za ta kashe kuɗin, kuma a kan abubuwan da baƙi ke amfani da su kawai, kamar banɗakuna, kwashe shara, hanyoyin ƙafa da wuraren ajiye motoci. Matsin lambar ya fi fitowa daga arewa, musamman tsibiran Lofoten, inda ake shanya busasshen kifin nan da ke zuwa kasuwannin Najeriya. Can ne mazauna suka daɗe suna ƙorafin baƙi na yin bahaya a bayan gidajensu. Adadin kwanan baƙi a masaukan ƙasar ya haura miliyan 38 a 2024, mafi yawa a tarihi zuwa wannan lokacin, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba. Faɗuwar darajar kuɗinsu, kurona, ta taimaka: yuro ɗaya da ake canzawa kusan kurona 8 a 2013 ya haura 11 a 2023, ƙasar da aka sani da tsada ta ɗan sauko wa Bajamushe da Ba'amurke.

Mai karatu zai iya tambaya me ya sa ƙasar da ke da asusun man fetur mafi girma a duniya take neman kuɗin banɗaki a hannun baƙo. Amsar ita ce asusun na gwamnatin tsakiya ne, da ƙa'ida mai tsauri kan abin da ake ciro wa kasafi kowace shekara, kuma rabon da ƙananan hukumomi ke samu ya ta'allaƙa ne galibi da yawan mazauna, ba da yawan masu wucewa ba.

Matsalar harajin tana cikin ma'auninsa. Tunda a kan kuɗin masauki yake, wanda ya kwana dare shida a otal-otal na ƙauye, kamar yadda mai hutun keke ke yi, zai biya sau shida. Wanda ya kafa tantinsa a daji bai biya kowa kuɗin kwana ba, saboda haka babu abin da za a cire kashi 3 daga ciki. Wanda ya zo da safe ya tafi da yamma ma haka. Masu otal sun yi ta nanata wannan tun ana muhawara, kuma hujjarsu tana da ƙarfi, ko da yake kowa ya san suna kare kasuwarsu ne. Majalisa ta amince a haɗa da fasinjojin manyan jirage, wanda hakan gyara ne na gaske, amma ta wata hanya dabam da ke buƙatar nata ƙa'idojin. Na otal kuwa a rasit zai fito tun daren farko.

Ba a iya rufe wannan giɓi cikin sauƙi, domin ya taɓa abin da mutanen Norwe ke ɗauka tamkar gadon kakanni. Dokar walwala a fili ta 1957 ta tabbatar da tsohuwar al'adar da ta ba kowa, ɗan ƙasa da baƙo, damar ratsa ƙasar da ba a noma ba ko da mallakar wani ce, da kafa tanti har dare biyu muddin ya nisanci gidan da ake zaune da mita 150. Babu ɗan siyasar da ke son a ce shi ne ya sa wa dutse ƙofa. Su ma kamfanonin keke ba su fita daga zargi ba a nan: suna sayar da tafiya a kan hanyoyi da shimfiɗar ƙasa da ba su biya ba, a ƙarƙashin haƙƙin da aka tanada domin mutum ɗaya da jakarsa, ba domin kasuwanci ba. Idan aka dubi abin ta wannan fuska, kashi 3 ba zalunci ba ne gare su. Abin da ya sa ya zama abin magana shi ne su da baƙinsu suna cikin na farko da za su biya.

Akwai kuma abin da babu dokar da ta taɓa shi cikin biyun, wato hanya. An gina hanyoyin zamani na yankin ne domin mota ta ratsa dutse ta ciki. Tsakanin Aurland da Lærdal akwai ramin hanya mai kilomita 24.5, mafi tsawo a duniya cikin na motoci, wanda aka buɗe a 2000, kuma an hana keke shiga. Mai keke sai ya hau tsohuwar hanyar Aurlandsfjellet, kusan kilomita 47, wadda ta haura mita 1,300 kuma take rufe duk lokacin hunturu. Kyawunta ne abin sayarwa, amma a watannin da take buɗe yana raba ƴar siririyar kwalta da manyan motocin yawo da motocin kwana na baƙi waɗanda ba su saba da kwanar dutse ba.

Duwatsun ma ba sa zaune lafiya. A watan Yunin 2024 hukumomi suka rufe Trollstigen, hanya mai kwana 11 da ke kan zangon zuwa Geiranger, har ƙarshen kakar, bayan da duwatsu suka yi ta ruftowa, ba a sake buɗe ta ba sai a 2025. A Oktoban 2014 ambaliya ta tafi da gidaje da gadoji a kwarin Flåm, daidai inda Rallarvegen ke ƙarewa. Tsofaffin yankin Tafjord kuwa sun gaji labarin 1934, lokacin da wani ɓangaren dutse ya faɗa ruwa, igiyar da ta taso ta kashe mutum 40, shi ya sa ake sa ido dare da rana a kan dutsen Åknes da ke tsagewa a hankali a bakin Sunnylvsfjord. Masana yanayi suna hasashen ƙarin ruwan sama mai ƙarfi a yammacin ƙasar. Wannan yana ƙara wa ja-gora daraja, domin shi ne ya san hanyar da aka rufe jiya da wadda za a bi a maimakonta, yana kuma ƙara wa kamfani kuɗin inshora da na sauya tsari.

Kada a wanke mai keke tas. Mafi yawan masu sayen irin wannan hutu da jirgin sama suke isa Bergen ko Oslo, wasu daga wata nahiyar, kuma hayaƙin wannan tafiya ya shafe duk abin da suka tsimi a mako guda na tuƙa feda. Tsabtarsu ta cikin kwari ce, ba ta duniya ba. Ita kanta Norwe a irin wannan matsayi take: tana tsabtace iskar mashiganta yayin da take kan gaba wajen sayar wa Turai iskar gas tun bayan da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022.

Abin lura a kakar 2026 shi ne ƙananan hukumomi nawa ne a yankin za su nemi izinin harajin. Wadda ta nema tana tsoron maƙwabciyarta da ba ta nema ba ta janye mata masu kwana, alhali jirgin da ke cika mata titi yana nan zuwa kamar kullum. Kamfanonin keke kuwa sukan fitar da farashi watanni kafin tafiya, a kan zangon da ke ratsa ƙananan hukumomi da dama, kowace da shawarar da za ta yanke. Masu manyan jirage suna da har ƙarshen 2031, kuma sun riga sun ga an ɗage wa'adin sau ɗaya.