Filin Kiwo: Abincin Ɗan Kyanwa, Na Gwangwani Ko Busasshe?

Kyanwa ba baƙuwa ba ce a gidan Bahaushe. Tun kaka da kakanni ana barinta tana kai da kawowa tsakanin rumbu da madafa, ta kama ɓera, ta kama ƙadangare da fara, in an gama cin tuwo kuma a jefa mata ƙashi, ba wanda ya taɓa zama ya yi lissafin abin da ta ci. To, amma zamani ya juya. Yau akwai magidanta da yawa a Legas da Abuja da Fatakwal da Kano waɗanda ke zaune a ɗakunan bene, inda ba rumbu ba ɓera, ɗan kyanwar da aka kawo musu kuwa ba shi da wani abinci sai wanda aka zuba masa a kasko. Wanda ya rufe dabba a ɗaki ya ɗauki ciyarwarta a wuyansa. Malamai sun sha kawo hadisin nan da ke cikin Buhari da Muslim, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Saboda haka tambayar da mai sabon ɗan kyanwa kan yi idan ya shiga kanti, watau ko ya sayi abincin gwangwani mai ruwa-ruwa ko kuwa busasshe na leda, ba tambayar wasa ba ce.

Kafin a kai ga amsa sai an san irin halittar da ake ciyarwa. Kyanwa maciyiyar nama ce zalla, ba kamar kare ba wanda kan iya rayuwa da tuwo da ɗan romo. Akwai wani sinadari a cikin nama da ake kira taurin, ko da yake ba ruwansa da taurin kai, wanda jikin kare ke haɗa wa kansa, amma jikin kyanwa ba ya haɗa abin da zai ishe shi. A shekarar 1975 masu bincike a Amurka suka tabbatar cewa rashinsa yana lalata idon kyanwa har ta makance. A 1987 kuma Dokta Paul Pion da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano cewa rashin nan shi ke sa zuciyarta ta buɗe ta yi rauni, daga nan ne kamfanoni suka ƙara yawansa a abincin da suke yi. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a ciyar da kyanwa da abincin kare, ko da ya fi araha, ba a kuma dogara ga sauran tuwo da shinkafa.

Abu na biyu shi ne ruwa. Asalin kyanwar gida daga kyanwar daji ne ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, dabbar ƙasa mai ƙarancin ruwa, wadda ke samun yawancin ruwan jikinta daga naman da ta kama. Har yau jikokinta ba su da saurin jin ƙishirwa. A nan ne abincin gwangwani ya yi fice, domin kashi 75 zuwa 80 cikin 100 nasa ruwa ne, kusan daidai da naman ɓera, alhali busasshe bai wuce kashi 10 ba. Kyanwar da ke cin busasshe kaɗai takan ƙara shan ruwa, amma sau da yawa ba ya kai abin da ta rasa, fitsarinta ya yi kauri, wannan kuwa yana cikin abubuwan da ke kawo ciwon mafitsara. Muzuru ya fi shiga hatsari saboda hanyar fitsarinsa siririya ce, idan ta toshe yana iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku. A ƙasar da zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, kamar Sakkwato da Maiduguri, wannan magana ba a yi mata riƙon sakainar kashi.

Amma fa zafin nan da ya sa ake yabon abincin gwangwani shi ne kuma babban abokin gabarsa. Da zarar an buɗe shi, ƙuda ya ji labari. Abin da aka zuba a kasko bai kamata ya wuce awa ɗaya ba, a lokacin bazara ma rabin awa ya isa, sauran a zubar a wanke kaskon. Wanda ya rage a gwangwani a juye shi a wani mazubi mai murfi a sa a firji, a ƙarar da shi cikin kwana biyu. Gidan da wutar lantarki kan yini ba ta zo ba, gara ya sayi ƙananan ledoji masu giram 85 ko 100 waɗanda za a cinye a yini ɗaya, da ya sayi babban gwangwani rabinsa ya lalace. Busasshe ba shi da wannan matsala: yana yini a kasko, ya fi sauƙin kuɗi, kuma tun da ba ruwa a cikinsa, ƙarfin da ke cikin giram 100 nasa ya kusa ninka na gwangwani sau huɗu. Nasa abokan gabar su ne kiyashi da danshi. A Legas da Kalaba da duk inda damina ke da tsawo, ledar da aka bari a buɗe takan yi funfuna, funfunar hatsi kuwa tana iya ɗauke da guba mai lalata hanta. Sai a adana shi a mazubi mai rufuwa ruf, a guji wanda ake aunawa a kasuwa daga buhun da ba a san ranar da aka buɗe shi ba. Araha ba ta ado.

Akwai wani lissafi da kan ruɗi masu saye. Mutum zai ga an rubuta furotin kashi 10 a jikin gwangwani, kashi 32 a jikin ledar busasshe, sai ya ɗauka busasshen ya fi gina jiki nesa ba kusa ba. Ba haka abin yake ba, sai an cire ruwan tukuna. Idan kashi 80 na gwangwanin ruwa ne, abincin gaske kashi 20 ne, 10 cikin 20 kuwa rabi ke nan, watau kashi 50. Busasshen mai ruwa kashi 10, nasa 32 cikin 90 ne, watau wajen kashi 36. Ƙungiyar AAFCO ta Amurka, wadda kamfanoni da yawa ke bin ma'auninta, ta yanke kashi 30 a matsayin mafi ƙarancin furotin ga kyanwa mai tasowa bayan an cire ruwa, kashi 26 ga babba. Abin da za a duba a jikin kaya shi ne kalmar Kitten, da bayanin cewa abincin cikakke ne wanda ya isa shi kaɗai, ba na marmari ba, sa'an nan ranar ƙarewar wa'adinsa da lambar rajistar NAFDAC. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a bar wa mai kanti abinsa.

Shekarun ɗan kyanwa su ke nuna inda za a fara. Ana haihuwarsa da nauyin kimanin giram 100, kuma har ya yi sati huɗu ba abin da ya dace da shi sai nonon uwarsa. Idan maraya ne, akwai madarar da aka yi musamman domin 'ya'yan kyanwa, ana ba shi kowace awa biyu ko uku yana kwance rub da ciki, ba a rigingine kamar jariri ba, don kada ya shaƙe. Madarar shanu, ta gwangwani ce ko ta gari, ba ta maye wannan gurbi, kuma bayan yaye takan sa su gudawa, duk da cewa mutane sun ɗauka ita ce abincin kyanwa na asali. Daga sati huɗu sai a fara dama masa abincin gwangwani da ruwan ɗumi kamar kunu, ana rage ruwan a hankali. Zuwa sati takwas ya gama yaye, haƙoransa na nono 26 sun fito, yana iya tauna busasshe. Kafin wannan lokaci bai kamata a raba shi da uwarsa ba.

Tun da cikinsa ƙarami ne, bukatarsa kuwa ta ninka ta babbar kyanwa idan aka auna da nauyin jiki, sai a raba masa abincin sau huɗu a yini har ya yi wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu, a ci gaba da abincin yara har ya cika shekara. Hanyar da ta fi dacewa da yawancin gidajen ƙasar nan ita ce a haɗa biyun: na gwangwani da safe da maraice lokacin da gari ya yi sanyi kuma akwai mai lura, busasshe gwargwadon awo da rana, ga ruwa mai tsabta a gefe kullum. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kyanwar da ta tashi da abinci iri ɗaya takan ƙi wani in ta girma, ranar da likita ya ce a sauya mata saboda ciwon ƙoda sai a sha fama. Ko sauyin kamfani ma ba a yinsa dare ɗaya, ana gauraya sabo da tsoho ne har kwana bakwai.

Wanda aljihunsa bai kai ga abincin kanti kullum ba yana iya taimakawa da dafaffen naman kaza, da zuciya, da dafaffen ƙwai, ba gishiri ba yaji. Sai dai tsokar nama ita kaɗai ba ta da sinadarin kalsiyam da ke gina ƙashi, ɗan kyanwar da aka raina da ita zalla ƙafafunsa kan lanƙwashe, ƙasusuwansa su riƙa karyewa da ɗan tsalle. Hanta kullum ma illa ce, haka ɗanyen kifi. Miyar gida kuwa, wadda ba ta rasa albasa ko tafarnuwa, tana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, ko an dafa ko ba a dafa ba. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tak tana iya kashe ta.

Sikelin madafa ya isa ya nuna ko abincin ya karɓe shi. Ɗan kyanwa mai lafiya yakan ƙara kimanin giram 100 kowane sati, ya kusa kilo ɗaya a wata na biyu, gashinsa na sheƙi, kashinsa a daskare. Idan nauyin ya tsaya alhali yana ci, ciki kuma ya yi tulu, galibi tsutsar ciki ce, maganinta yana wurin likitan dabbobi, wanda zai kuma yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare idan ya cika wata uku. Wanda ya yini cur bai taɓa kaskonsa ba, ko gudawa ta kama shi, ba a jira da shi zuwa gobe.