Dubiya a asibiti da haƙƙin majinyaci



Ƴan uwa, dubiya haƙƙin Musulmi ne a kan ɗan uwansa, babu jayayya a kai. Yadda muke yin ta ne ke ba ni tsoro. Mu goma mu cika ɗakin wanda aka yi wa aiki jiya, kowa ya miƙa masa hannu, wani ya zauna bakin gado, wata ta ɗauki jaririn kwana ɗaya da hannun da ta biya ɗan kabu-kabu.

A 1847, a babban asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, likita Semmelweis ya lura masu jego suna mutuwa da zazzaɓi domin likitoci na fitowa daga binciken gawa su duba su. Ya wajabta wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka ragu ƙwarai cikin ƴan watanni. Hannun mai neman taimako ne ke kai cutar, bai sani ba.

Mu kuwa, Bukhari da Muslim sun ruwaito umurnin Annabi (SAW) ga wanda ya tashi daga barci ya wanke hannunsa kafin ya tsoma shi cikin mazubin ruwa. Amma alwalar azahar ba ta ɗauke maka sabuni a ƙofar ɗakin majinyaci ba.

In ma'aikaciyar jinya ta ce biyu kaɗai za su shiga, ban ga wulaƙanci a ciki ba. Mai tari ko mura ya yi addu'arsa daga gida. Mai tofi kuma ya nisanci ciwon da aka ɗinke.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.