Akwatin Cokula Na Turawa Da Abin Da Yake Koya Mana

Duk wanda ya taɓa shiga gidajen adana kayan tarihi na Ingila, ko kasuwannin gwanjon tsofaffin kaya na birnin Landan, ba zai rasa ganin wani ɗan akwati na katako mai gangaren murfi ba. A cikinsa akwai ramuka jere, kowace wuƙa da kowane cokali da nasa gurbin. Attajiran ƙasar sun yi yayinsa ƙwarai a ƙarni na 18, suna ajiye shi biyu-biyu a ɗakin cin abinci domin baƙo ya gani ya san arzikin gidan.

To, amma akwatin nan ba don ado kaɗai aka yi shi ba. Cokulan na azurfa ne, wadda doka ta ce sai an sami kashi 925 na tsantsarta cikin 1,000 kafin a buga mata hatimi, saboda haka dukiya ce. Amfanin ramukan shi ne, da an tashi daga liyafa, babban baran gida ya buɗe murfi ya ga gurbin da ya rage babu kome, sa'an nan ya kulle. Ashe ke nan akwatin na ƙidaya ne da tsaro. Shi kansa katakon, yawancinsa daga Jamaika da maƙwabtanta aka kawo shi, inda bayi ne ke sare itatuwan.

Al'adar ma ba daɗaɗɗiya ba ce kamar yadda wasu ke zato. A shekarar 1611 wani Bature matafiyi, Thomas Coryat, ya ba da labarin yadda ya ga mutanen Italiya suna ci da cokali mai yatsu, kuma da ya kwaikwaye su a gida sai aka yi masa ba'a. Cikin ƙarni na 19 ne aka ɗauki salon Rasha na kawo abinci kashi-kashi, kowane kashi da nasa kayan ci, har kifi ya sami wuƙarsa daban. A 1840 kamfanin Elkington na Birmingham ya sami izinin mallakar dabarar shafa azurfa a kan ƙarfe da lantarki, sai talaka mai ɗan hali shi ma ya iya sayen irin kayan. Da manya suka ga haka, sai sanin ƙa'idojin tebur ya zama sabon shingen da ke raba ɗan gida da baƙon shiga.

Abin da ya sa na kawo wannan tarihi shi ne abin da na gani da idona a wata liyafa a nan ƙasar. An zaunar da wani dattijo mai mutunci, aka jera masa cokula a hagu da wuƙaƙe a dama. Shi kuwa tun yana yaro aka hore shi da ci da hannun dama. Bawan Allah ya sha ruwa kawai, ya tashi da yunwarsa don gudun dariyar yara.

Ba mu ce kada a koyi wannan tsari ba. Jakada da ɗan kasuwa da ɗalibi mai tafiya ƙasashen waje ya kamata su sani cewa ana fara ɗauka daga na gefe, a matso ciki. Ilmi ne, kuma yana da ranarsa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a mai da shi ma'aunin wayewar kai, alhali kuwa zanen aro ba ya rufe katara.

Saboda haka muna kira ga masu shirya liyafar hukuma da masu otal da su riƙa ajiye ruwan wanke hannu kusa da cokula, kowa ya ci yadda ya saba ba tare da kunya ba. Baƙon da ya tashi a ƙoshe, ransa fari, shi aka girmama. Allah Ya sa mu gane.